Ƙafafun Jirgin Alhaji

Tun da muka dawo daga Kano ban sha shayi da daɗin rai ba. In zauna teburin mai shayi, tambaya. In fito masallaci, kafin in gano takalmina, tambaya. Har tsohuwar da ke sayar mini da ƙosai sai da ta riƙe canjina wai in gaya mata ko daga sama ana hango gidanta. To ga shi na rubuta sau ɗaya. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ku bar ni in huta. Ni ba ɗan lakkol ba ne, ban yi boko ba, in kun ga rubutun ya karkace, hanyar ma haka take.

Maigidana kun san shi, ba sai na kama suna ba. Shekara ashirin da biyu ina jan shi a mota, tun yana da kamiyon kaya ɗaya mai tashi da turi har ya kai inda gyaɗar ƙasar Madarunfa sai ta bi ta kan sikelinsa. Da abin ya yi masa yawa ya rasa inda zai kai, sai ya shiga cikin Turawan nan na Maraɗi masu wasa da ƙaramin jirgi ran Lahadi. Suka koya masa, suka ba shi permin tuƙi. Wannan ƙaramin jirgin ban yi kuka da shi sosai ba. Injinsa ɗaya, ƙafafunsa kullum a miƙe kamar na balbela, ka tashi suna nan, ka sauka suna nan. Abin da ban so ba shi ne duk inda za shi sai da ni a gefe, riƙe da jaka da buta, don ya ce babban mutum ba ya tafiya shi kaɗai ko da a sama ne.

Sai ga shi ya sayi wani babba hannun wani Bature da zai bar Kano. Inji biyu, kujera shida, kuma in ya tashi sai ya naɗe ƙafafunsa cikin ciki kamar kaza kan ƙwai. Masu ajiyar jirgin a Kano suka rubuto cewa ba za su ba da makulli ba, don ƴan lasiransi, masu biya in an yi hatsari, sun ce sai wani malamin tuƙi ya koya wa Alhaji irin wannan jirgin ya sa masa hannu, kuma bayan haka duk wata shida ya koma a yi masa bita. Da aka karanta wa Alhaji takardar sai ya ce jirgi jirgi ne, wanda ya iya doki ba a zaunar da shi a koya masa alfadari. Ya ce in je Kano in nemo malamin nan, in kai masa gaisuwa, in karɓo sa hannun. Ya ce da an buɗe cinikin gyaɗa zai tuƙa abinsa da hannunsa zuwa Yamai, da takarda ko babu.

"Kai ma ka shirya," in ji shi.

Na ce to, Alhaji. Wannan "kai ma" ɗin ita ta kai ni Kano. Da shi kaɗai zai hau, da na karɓo masa sa hannun ko na mai rubuta wasiƙa a bakin kasuwa ne.

Kafin in kama hanya na biya Safo wurin kawuna. Tsohon nan bai taɓa sa goshi a ƙasa ba, yana nan kan abin kakanni, amma ɗansa Yohanna ya bi ƴan mishan tun yana ƙarami, suka koya masa gyaran inji, yanzu makaniken jirgi ne a Kano. Kwatancen gidansa na je nema. Kawu ya saurare ni yana gyara ƙotar kalme, ya shiga ɗaki ya fito mini da layar ɓata, irin wadda shofer ke ɗaurawa, in mota za ta kife sai ya tsinci kansa zaune a gefen hanya. Na ce Kawu, a sama ina gefen hanya? Ya ce shi dai a kan mota aka haɗa ta, in gwada in dawo in ba shi labari.

Na tashi da ƴar bashe ɗin Alhaji, motar nan mai buɗaɗɗen baya, da hantsi, bayanta tulun zuma biyu da kwandon bandar kifin tabki da zabi huɗu, gaisuwar malamin da ban san ko wane ne ba. Damina ta ɗauke amma ta bar hanya duk kwazazzabai. Daga Madarunfa zuwa Ɗan Isa na fita na shiga sau uku ina tono. Ƴan duwan namu na bakin iyaka ba su wahalar da ni ba, sun san motar. Babbansu dai ya ce in gaya wa Alhaji idan ya fara wucewa ta sama ya riƙa jefo musu goro, don ba su da tsani.

Da na tsallaka Jibiya, ƙasar Ingilishi, sai duniya ta juye. Can hannun hagu ake bi. Na sani, ba yau na fara zuwa ba, amma sanin kai daban, na hannu daban. Na tsaya na yi azahar, na hau, sai hannu ya koma gida. Ban farga ba sai da na ga wata ƙatuwar mota gaba da gaba da ni, na zuba cikin gonar dawa. Direban ya leƙo ya zage ni tas, ya haɗa da Faransa gaba ɗayanta. Zabo ɗaya ya tsinke igiya ya shige dawa. In yana da rai yanzu ɗan Ingilishi ne.

Ba a daɗe da gama yaƙinsu ba, soja ko'ina. A shingen farko wani mai tsaga har kunne ya ce in kawo lasin. Na ce ban ɗauko ba, me ke nan? Ya ce to da me nake tuƙi? Na miƙa permi. Ya juya shi sama da ƙasa ya ce ai shi ne lasin, ashe wawa ne ni. Can komi an sake masa suna. Shofer direba, duwan kwastan, lasiransi inshora. Cin hanci kaɗai na tarar da sunansa bai canza ba. Ya tsoma yatsa cikin zuma har sau uku don ya tabbata ba harsashi a ƙasan tulun, sannan ya ce kifin sai an kai ofis an bincika. Rabinsa ya tafi bincike. Shinge biyar ne tsakanin Jibiya da Katsina. Da na shiga gari abin da ya rage a kwandon bai wuce na miyar gwauro ba.

Na kwana Katsina gidan wani fatoma, mu tara a zaure ɗaya da wani mai awaki da ya ƙi rabuwa da bunsurunsa. Katsinawa dai danginmu ne, bakinmu ɗaya, tuwonmu ɗaya, ba ni da abin cewa sai kuɗin cizo. Washegari na yi Kano.

Kano ba gari ba ne, kasuwa ce da aka yi wa ganuwa. Ka tambayi mutum hanya sai ya dubi motarka tukuna ya ga ko ta sayarwa ce. Na nemi fura, aka ba ni wani farin ruwa da gero ya wuce ta kusa da shi. Da na yi magana suka yi ta dariya wai na ce "shina zuwa", suka kira maƙwabta su zo su ji ɗan Faransa. Na sha yawo kafin in gano gidan Yohanna a Sabon Gari, ɗaki biyu a bayan wani shagon ɗinki.

Yohanna taubashina ne, ba ma raga wa juna. Da ya gan ni sai ya kira matarsa ya ce ta fito ga bawansa ya zo daga daji, ta ɓoye cokula. Na ce bawan gidanmu ne ya samu wando yake ɗaga murya. Matar mutuniyar ƙasar Jos ce, mai kirki, ta yi mini gwaten acca da ganye. Na ci don kunya. Kashegari ta yi teba da miya mai barkonon da ya sa na ji kunnuwana sun buɗe, har na ce da ita za a ba Alhaji kafin karatu. Kafin su ci sai su rufe ido su yi addu'a. Na riƙa buɗe nawa ina duban naman, don na san hannun Yohanna tun muna yara.

Da na gaya masa aikena bai yi dariya ba. Ya ce jirgin yana rumfarsu, shi ke duba shi. Ya ce irinsa ba ya kashe wanda bai iya tuƙi ba, don wannan ba ya hawa. Wanda ya iya ƙarami yake kashewa, mai kuɗi, mai sauri, wanda ba a gaya masa. Ya ce akwai malami ɗaya da ƴan inshora suka yarda da hannunsa, wani tsohon Bature da ya yi shekaru yana tuƙa wa ƴan mishan. Ma'aikatan filin ba su kiran sunansa, Malam Sake suke ce masa. Na tambayi dalili, ya ce zan ji da kunnena.

Muka same shi ƙarƙashin fuffuken wani jirgi yana cin gyaɗa daga aljihu. Dogo ne, busasshe, wuyansa ja kamar na ungulu. Yana jin Hausa, amma irin ta coci, kowace magana kamar zai ce a tashi a yi waƙa. Na durƙusa na gaishe shi, na jera zuma da zabi da guntun kifin, na yi bayani da ladabi cewa Alhaji babban mutum ne, ayyuka sun yi masa yawa, ya riga ya iya, hannu kaɗai ake bukata. Ya buɗe tulu ya shinshina, ya ce zumar ƙasarmu tana da kyau, ya karɓa, a gode wa Alhaji.

"Amma bakina ne zai sha," ya ce. "Hannuna ba ya shan zuma. Shi sai ya ga mutum ya sauka."

Ya ce kwana goma, safe da yamma, in mutumin yana da kunne. In ba shi da kunne, ba ranar gamawa. Na je gidan waya na aika wa Alhaji saƙo, na sa aka rubuta cewa Bature ya ce yana marmarin ganinsa. Ban yi ƙarya ba sosai.

Bayan kwana uku Alhaji ya iso, ya sauka gidan wani abokin cinikinsa a Fagge. Ya zo filin jirgi da babbar riga mai aska takwas, ƙamshin turare har hasumiya. Ya ɗauka hoto za a yi a miƙa makulli. Malam Sake ya gaishe shi, ya dubi rigar, ya ce a tuɓe. Ya nuna masa tsakiyar jirgin, sanduna shida a jere masu kawuna baƙi da shuɗi da ja, ya ce hannun rigar nan in ya kamo ɗaya a sama, ba mai ɗinkin da zai gyara. Jama'a, na ga Alhaji da ƴar shara. Shekara ashirin da biyu ban san yana da tabon miki a kafaɗa ba. Aka ba ni rigar in riƙe, aka ce in zauna baya, tunda ni ne zan riƙa binsa.

A ranar na gane sunan. Alhaji ya tashi, ya kewayo, ya sauka, jirgin ya yi tsalle uku kamar ɗan akuya. Alhaji ya juyo yana murmushi. Bature ya ce, "Sake." Ya sauka da kyau, ya ce sake. Ya sauka da kyau ƙwarai, har ni na ji daɗi, ya ce sake. Ba ya faɗa, ba ya yabo. Alhaji ya ce mini a mota ko malamin allonsu, da ya karya masa yatsa, yakan ce madalla ran Laraba.

Rana ta uku muna can sama sai Baturen ya miƙa hannu ya kashe inji ɗaya da gangan. Na ga farfela ta tsaya cik a tagar dama, jirgin ya karkace kamar kamiyon da taya ta fashe masa. Alhaji ya kama salati. Bature ya ce salati yana da kyau, amma a haɗa da taka ƙafar hagu. Ni kuwa tebar matar Yohanna ta dawo, ban sami komi kusa ba sai hulata. Da muka sauka Yohanna ya tare ni ya ce bawansa ya kawo masa tsaraba daga sama.

Duk wannan Alhaji ya iya shi, in faɗi gaskiya. Mutumin yana da hannu. Inda aka samu matsala takarda ce. Akwai wata ƴar takarda da ake bi layi layi kafin a tashi da kafin a sauka, a faɗi abu da baki, a duba da ido, a amsa. Yohanna ya juya mana ita da Hausa, ya sa wani malami ya rubuta da ajami. Bature ya ce tunda kullum ina gefen Alhaji kada in zauna kamar buhu, ni zan riƙa amsawa. Babban layi shi ne na ƙafafu. In an zo sauka, Alhaji zai danna wata ƴar sanda ƙasa, ƙafafu su fito, fitila uku koraye su kama a gabansa, kowace ƙafa da tata. Alhaji ya ce ƙafa ta sauka, ni in ƙirga fitilu in ce uku. In ba uku ba ne ba a sauka, don jirgin zai zo da ciki ne, farfela biyu su sari kwalta, ga mai cike da fukafukai.

Aiki ne da ɗan shekara biyar zai iya. Rana ta shida muna gangarowa, titin jirgi ya miƙe a gabanmu, Alhaji ya danna sanda ya ce ƙafa ta sauka. Na ce ta sauka, Alhaji. Muka ci gaba. Har ina ganin ciyawar bakin titi sai Bature ya ce a sakar masa, ya tura sanduna gaba, jirgin ya yi ƙara muka koma sama. Ashe ya zare fis ɗin wutar ƙafafun a ɓoye, har da na ƙahon da ke kuka in an manta. Ƙafafun suna nan cikin ciki. Ko fitila ɗaya ba ta kama ba.

Da muka sauka bai bari mun fita ba. Ya kashe inji, zafi kamar tanda, ya tambayi Alhaji fitila nawa ya gani. Alhaji ya ce ai ya danna. Bature ya ce bai tambaye shi abin da ya danna ba. Alhaji ya ce shi in ya ce a yi abu, an yi, bai saba bin sawu ba. Sai ya juyo kaina. Na ce ban duba ba. Ya ce don me? Na ce Alhaji ya ce ta sauka. Shekara ashirin da biyu ina cin tuwonsa, shi ya yi mini aure, shi ya raɗa wa ƴaƴana suna. In ya ce ga hadari a tsakiyar rani, ni nakan ce har na ji yayyafi. Haka aka koya mana, babba ba ya faɗi ƙarami ya tsaya ƙirga.

Baturen ya dube ni.

"Ka ƙaunaci maigidanka ƙwarai," ya ce. "Kai ne za ka kashe shi."

Ya ce ba zai sa hannu ba, ko kwana goman sun cika. Alhaji ya karɓi rigarsa ya sa, muka shiga mota. Can ya ce jirgi nasa ne, ya biya, kuma mai masaukinsa ya san wanda zai sa a fito da makulli ba tare da wani jan wuya ba. Ran Juma'a bayan masallaci za mu tashi zuwa Maraɗi, da hannun Bature ko babu. Ya ce ko ba haka ba? Na ce haka ne, Alhaji. Ina jin bakina yana faɗa, kamar na wani.

Ranar Talata ce. Da na gaya wa Yohanna, ya ce musa wa babba koyonsa ake yi kamar komi. Da ya taso aiki sai ya zauna kan turmi a tsakar gida, ya yafa zanen gado a matsayin babbar riga, ya tura ciki gaba, ya ce shi ne Alhaji. Ya ɗaga yatsa biyu ya ce uku ne. Na ce biyu ne, ɗan banza. Ya ce ai ka ga, da ni ka iya. Sai ya gyara murya, ya yi irin kakin nan da Alhaji ke yi kafin magana, ya kira sunana yadda yake kira, "Ilu," a hanci. Ya ɗaga biyu ya ce uku ne. Na ce to, kusan haka ne. Matarsa ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Muka yi ta yi har maƙwabta suka taru, wata Bayarabiya mai sayar da atamfa ta ce a ba ta aikin, ita mijinta bai taɓa faɗin abu ta yarda ba.

Ku da kuke dariya yanzu, ku gwada. Ku je gaban wanda ya ciyar da ku ku ce masa a'a, ba "sai dai", ba "Allah ya ba ka nasara, kamar dai". Kalmar ƴar ƙarama ce amma ta fi buhun gyaɗa nauyi. Mu nan an iya kewaya ta, a bi ta bayan gida, a aika aboki, a jira kwana uku. Jirgi kuwa daga inda ake danna sandar zuwa ƙasa bai kai a sha rabin kofin shayi ba.

Laraba muka koma karatu duk da haka, Baturen bai yi mana komi ba, fitilu uku suna kamawa, ina ƙirgawa da gaske. Alhamis da safe ma haka. Da yamma, saukar ƙarshe, rana tana dukan gilashi, Alhaji ya danna sanda, na ji ƙafafu sun fita da ƙugi kamar kullum. Ya ɗan saci kallo ya ga kore, ya ce ƙafa ta sauka, uku. Na leƙa ta tsakanin kujeru. Biyu ne. Ta hagu ba ta kama ba.

Na ce, Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ya ce mm. Na ce, Allah ya ja zamani, in ba za ka ji haushi ba. Ya ce in yi shiru yana sauka. Bature ya naɗe hannu yana kallon taga kamar fasinja. Ga rufin rumfuna yana tasowa, ga wani mai keke a bakin waya har ina ganin kwandonsa. Na nemi a'a ɗin nan da muka yi kwana biyu muna koyo, na rasa inda ta shiga. Abin da ya fito daban ne.

"Ƙarya kake, Alhaji. Biyu ne."

Ban san da wannan muryar a cikina ba. Alhaji ya dubi fitilu, ya tura sanduna gaba da kansa, muka koma sama. Can ya bi takarda layi layi, har aka gano ƙwan fitilar ne Bature ya sassauta. Ya murɗa shi, ta kama. Muka kewayo muka sauka lafiya lau. Na jira in ji "sake", ban ji ba. Baturen ya ciro gyaɗa daga aljihu, ya miƙo mini baya ba tare da ya juyo ba.

Na kwana da sanin aikina ya ƙare. Amma Juma'a ta zo, aka sauko masallaci, Alhaji ya ce in kai shi filin jirgi, ya tuɓe riga da kansa. Kwana huɗu ya ƙara. Kuma daga ranar bai sake cewa ƙafa ta sauka ba sai ya sa yatsa kan fitilun, ɗaya, biyu, uku, da ƙarfi, yana harara ta ta gefen ido. Bature ya zare fis, ya kama. Ya sassauta ƙwai, ya kama tun kafin in buɗe baki. Ba tsoron mutuwa ya gyara shi ba, kada ku yi masa zaton haka. Ya rantse ne shofer ba zai sake ƙaryata shi ba.

Malam Sake ya sa hannu ran Talata. Ya rubuta wata ranar a ƙasa, wata shida cif, ya ce a dawo masa da mu biyun, don hannu yana mantuwa, baki kuma ya fi shi. Alhaji ya ce shi da ya sauke Alƙur'ani ba a ce ya koma makaranta ba. Bature ya ce amma ai yana tilawa. Alhaji ya naɗe takardar ya sa aljihu.

Aka bar bashe wani direba ya biyo da ita. Hanyar da na yi kwana biyu a kanta da tono da soja da kuɗin cizo, muka yi ta kafin goron bakina ya gama narkewa. Na nemi iyaka daga sama ban ga komi ba, gona ce ta bi gona. Na ga tabkinmu kamar faranti. Ke mai ƙosai, ban ga gidanki ba, ki ba ni canjina. A Maraɗi Alhaji ya ƙirga uku, na ƙirga uku, muka sauka a gaban Turawan Lahadi da rabin ƴan kasuwa.

Sai da muka shiga mota, na kama hanyar Madarunfa, sannan ya yi kakin nan ya kira sunana. Ya ce maganar da na yi a Kano ya ji, kuma ya bar ta. Ya ce daga yau in ƙafar jirgi ta bar ƙasa, bakina nawa ne, in faɗi abin da na gani ko da zagi ne.

"Amma na sama ne," ya ce. "Kada ka sauko mini da shi."

Haka muke har yau. Mun je Yamai, mun je Damagaram sau biyu, muna nan da rai.

Wata shidan saura kwana tara. Shekaranjiya a ƙofar sito, gaban mutane, Alhaji ya ciro takardar Bature ya duba, ya ce shi bai ga amfanin komawa Kano a tuɓe masa riga ba, hannunsa ya riga ya zauna, ko ba haka ba, Ilu?

Na ce haka ne, Alhaji.

Jibi za mu Tawa. Ina jira mu tashi.